Faifan da Sony ya daina ƙerawa da ƙarfen da masana suka ƙi rabuwa da shi

A watan Janairun 2025 kamfanin Sony na Japan ya fitar da wata gajeriyar sanarwa cewa daga watan Fabrairu zai daina ƙera faifan MiniDisc da ake naɗar sauti a kai, kuma babu wani samfuri da zai gaje shi. Labarin bai tayar da ƙura ba. Akasarin matasan da ke riƙe da waya a yau ba su taɓa ganin faifan ba, kuma tun 2013 kamfanin ya daina fitar da na'urorin da ke kunna shi.

Waɗanda suka yi aikin rediyo daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon na 2000 dai za su tuna da shi: ɗan faifai mai faɗin milimita 64 a cikin gidan roba da ke shiga aljihun riga, yana ɗaukar hira ta minti 74, a goge a sake naɗa ba tare da murya ta dusashe ba kamar yadda kaset ke yi.

Abin da ke riƙe da muryar wani siririn shafe ne na ƙarfe da aka fesa a kan robar faifan. Kaurinsa nanomita 20 zuwa 30 ne kacal, ma'ana silin gashi guda ya fi shi kauri sama da sau dubu biyu. An haɗa shi ne da baƙin ƙarfe da kobalt da wani ma'adini da ake kira tarbiyam. Kuma yana da wata siffa da a farkon lamari ake ɗauka aibi ce: ƙwayoyin zarrar da ke cikinsa ba su da tsari.

Faifan ya fita kasuwa, amma ɗakunan bincike a Holan da Faransa da Amurka da Japan na ci gaba da aiki a kan dangin wannan shafe, saboda a kansa ne aka fara nuna wata hanya ta rubuta bayanai da haske zalla, cikin saurin da babu ma'adanar kwamfuta ta yau da ta kama ƙafarsa.

Ƙarfe mai halin gilas

Kusan duk ƙarfen da mutum ke taɓawa, daga rodi zuwa cokali zuwa kwanon rufi, ƙwayoyin zarrarsa a jere suke kamar sojoji a filin fareti, kowa da wurin tsayawarsa da tazarar da ke tsakaninsa da na kusa da shi. Sai dai faretin ba ɗaya ba ne. Ƙarfe ya ƙunshi miliyoyin ƙananan rundunoni, kowace ta fuskanci nata ɓangaren, kuma a inda biyu suka haɗu akwai iyaka, kamar iyakar gona da gona.

Gilas ba haka yake ba. Zarrarsa ta fi kama da cincirindon mutane ranar kasuwa: kowa na da maƙwabta a kusa, amma babu sahu, babu layi, saboda haka babu iyakoki.

Idan aka narkar da ƙarfe aka bar shi ya huce, zarrar kan samu sarari ta shiga sahu. A 1960 Pol Duwez da ɗalibansa a cibiyar Caltech da ke Amurka suka hana ta wannan sararin. Sun harba ɗigon narkakken zinare da aka gauraya da silikon a kan farantin ƙarfe mai sanyi, ya huce da saurin da ya kai digiri miliyan guda a daƙiƙa. Zarrar ta daskare a inda sanyin ya same ta. Wannan ne ƙarfe na farko mai halin gilas da aka samar daga narkakke.

A wancan lokaci mutane da dama na ganin maganaɗisu ba zai zauna a irin wannan hargitsi ba, tunda kusan duk maganaɗisun da aka sani mai tsari ne. A shekarar ta 1960 wani masani a Tarayyar Sobiyet, A. I. Gubanov, ya nuna a lissafi cewa zai yiwu, domin abin da kowace zarra ta damu da shi shi ne maƙwabtanta na kusa. Gwaje-gwajen da suka biyo baya suka gaskata shi.

Akwai kuma wata hanyar da ta fi sauƙi ga mai son shafe siriri. Ana zuƙe iskar wani akwati, a sa 'yar iskar argon, a yi ta jifar dunƙulen ƙarfe da ƙwayoyinta har zarrar ƙarfen ta riƙa tsalle ɗaya bayan ɗaya tana sauka a kan gilas ko roba. Wurin saukar ba shi da zafi, saboda haka inda zarra ta faɗa nan take maƙalewa.

Abin da aka tsinta a IBM

A farkon shekarun 1970 wasu masana uku a cibiyar bincike ta kamfanin IBM da ke Yorktown Heights a jihar New York suna fesa irin wannan shafe na gadoliniyam da kobalt. Su ne Praveen Chaudhari, haifaffen Ludhiana a Indiya, da Jerome Cuomo da Richard Gambino. Abin da ake yayi a lokacin shi ne wata ma'adanar kwamfuta da ke ajiye bayanai a ƙananan ɗigogin maganaɗisu masu kama da kumfa, kuma kayan da ake yin ta da su na da tsada da wuyar samarwa.

Sakamakon da suka wallafa a 1973 ya ba mutane mamaki. A bisa al'ada, maganaɗisun siririn shafe kwanciya yake yi a kan shimfiɗar, kamar allurar da aka ajiye a kan tebur. Nasu kuwa a tsaye yake, ko dai ya dubi sama ko ya dubi ƙasa. Abu marar tsari bai kamata ya fifita wata fuska a kan wata ba, to daga ina wannan zaɓi ya fito? An shafe kusan shekara 20 ana muhawara. Sai a 1992 masana a ɗakin binciken sojojin ruwan Amurka suka auna da hasken eksire suka ga cewa hargitsin bai cika ba: yadda zarra ke zaɓen maƙwabta a tsaye ya ɗan bambanta da yadda take zaɓa a kwance, kuma wannan ɗan bambanci, wanda ke faruwa yayin feshi, ya isa ya tsayar da maganaɗisun.

Ma'adanar kumfar ba ta yi nisa ba. Amma maganaɗisu mai duban sama ko ƙasa shi ne daidai abin da ake buƙata a wani fannin: sama ya zama 1, ƙasa ya zama 0, kuma haske na iya gane bambancin.

Asalin wannan ya koma ƙarni na 19. A 1845 Michael Faraday ya gano a Landan cewa maganaɗisu na iya juya haske. Haske na tafiya ne yana kaɗawa, kamar igiyar da yaro ya ɗaure a bishiya yana girgiza ta sama da ƙasa ko hagu da dama. Faraday ya ga cewa idan haske ya ratsa wani gilas mai nauyi da ke kusa da maganaɗisu, fuskar kaɗawar na karkata. A 1877 John Kerr, wani malamin lissafi a birnin Glasgow na Sikotland, ya nuna cewa haka ma ke faruwa idan haske ya daki gogaggen bakin maganaɗisu ya dawo. Idan maganaɗisun ya dubi sama hasken ya karkata dama, idan ya dubi ƙasa ya karkata hagu.

Karkatar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ba ta kai digiri ɗaya ba. A nan ne rashin tsari ya zama riba. Tun shekarun 1950 an gwada rubutu da karatu a kan shafe mai tsari na manganis da bismut, wanda ke juya haske sosai. Amma kowace iyaka tsakanin rundunonin zarra na warwatsa hasken, sai saƙon ya nutse cikin hayaniya, kamar mai sauraren gajeren zango a lokacin hadari. Shafe marar tsari ba shi da iyakoki. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, amma ɗakin shiru ne.

Akwai riba ta biyu. Ƙarfe mai tsari yana da ƙa'idar gauraye, zarra kaza ta wannan da kaza ta wancan, in an kauce sai ya rabu. Marar tsari kuwa kamar miya ne, mai dafawa na iya ƙara wannan kaɗan ya rage wancan kaɗan har ya samu ɗanɗanon da yake so. Ta uku kuma, tunda ba a buƙatar zafi wajen fesa shi, ana iya ɗora shi a kan roba mai araha.

Jan igiya a cikin faifai

Abin da masu haɗin ke daidaitawa wani irin jan igiya ne. Maganaɗisun zarrar tarbiyam ko gadoliniyam na fuskantar ɓangare guda, na baƙin ƙarfe da kobalt kuma na fuskantar kishiyarsa. Cikin sanyi ɓangaren tarbiyam ke rinjaye. Da zafi ya ƙaru sai ƙarfinsa ya riga na abokin jansa raguwa. Akwai wani ma'aunin zafi da ɓangarorin biyu ke yin canjaras, kuma a nan shafen ba ya nuna maganaɗisu a waje ko kaɗan, duk da cewa a ciki kowa na riƙe da igiyarsa.

Injiniyoyi kan saita gaurayen yadda canjaras ɗin zai faɗo kusa da zafin ɗaki. Amfanin hakan shi ne maganaɗisun waje ba ya samun abin kamawa. Shi ya sa maganaɗisun lasifika ke iya lalata kaset, amma faifan MiniDisc ba ya jin komai.

To ta yaya ake rubutu a kan abin da ya ƙi juyuwa? Da zafi. Hasken leza na dumama wani ɗigo mai faɗin kusan mikromita guda zuwa digiri 180 ko fiye a ma'aunin Salshiyas, inda shafen ke sakin maganaɗisunsa. A ɗaya gefen faifan akwai wani ɗan maganaɗisun lantarki da ke sauya fuska daidai da saƙon da ake naɗa. Faifan na juyawa, ɗigon ya bar gaban hasken, ya huce, ya daskare da fuskar da aka nuna masa. Wajen karatu a rage ƙarfin lezar yadda ba za ta dumama komai ba, a auna ko hasken da ya dawo ya karkata hagu ko dama.

Tarbiyam na da rauni guda: yana saurin yin tsatsa. Don haka ake rufe shafen sama da ƙasa da wani siririn bango na silikon da naitrojin, a sa madubin alminiyam a bayansa. Bangon na kuma sa haske ya yi kai da komo a ciki, abin da ke ƙara girman karkatar.

A 1995 gwamnatin Amurka ta ba Chaudhari da Cuomo da Gambino lambar yabo ta ƙasa a fannin fasaha saboda wannan aiki. Amma kamfanonin Japan ne suka ci moriyarsa a kasuwa. Kwamfutar NeXT da Steve Jobs ya ƙaddamar a 1988 ta zo da irin wannan faifai na kamfanin Canon mai ɗaukar megabait 256, kodayake masu amfani da ita sun koka da rashin saurinsa. A kan irin wannan kwamfuta ce Tim Berners-Lee ya rubuta manhajar farko ta shafukan intanet. Sony ya fito da MiniDisc a 1992. Ofisoshi da asibitoci, musamman a Japan, sun daɗe suna adana takardu da hotunan marasa lafiya a manyan faifan, waɗanda daga baya suka kai gigabait 9.1.

Daga nan faifan CD da ake iya naɗa a gida ya yi araha, filas ta zo, iPod ya fito a 2001. Ko samfurin Hi-MD mai gigabait guda da Sony ya fitar a 2004 bai ceci kasuwar ba.

Wannan na da darasi na gaggawa ga duk gidan rediyo ko tsohon ɗan jarida da ke da kwalin irin waɗannan faifai a ajiye. Shafen da ke ciki na iya riƙe hirar shekaru masu yawa ba ta canza ba. Na'urar kunnawa ce ke mutuwa: lezarta na rauni, robobinta na bushewa, kayan gyara na ƙarewa. Wanda bai kwashe muryoyin zuwa kwamfuta yanzu ba na iya wayar gari da faifai lafiyayye da babu abin da zai karanta shi.

Rayuwa ta biyu

Yayin da kasuwa ke juya wa shafen baya, masana suna wata tambayar: mene ne iyakar saurin da za a iya juya maganaɗisu? A 1996 wata tawaga a Strasbourg ta Faransa ƙarƙashin Eric Beaurepaire ta haska siririn shafen nikel da ɗan gajeren walƙiyar leza, ta ga maganaɗisunsa ya ragu cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa. Ba a zaci zai iya amsawa da wannan sauri ba.

A 2007 rukunin Theo Rasing a Jami'ar Radboud da ke Nijmegen a Holan ya ɗauko shafe marar tsari na gadoliniyam da baƙin ƙarfe da kobalt, ɗan'uwan na MiniDisc. Sun haska shi da walƙiya mai tsawon femtosakan 40. Femtosakan guda kashi ɗaya ne idan aka raba daƙiƙa gida tiriliyan dubu, kuma cikin femtosakan 40 haske kansa bai wuce tafiyar mikromita 12 ba. Maganaɗisun ya juya, ba tare da wani maganaɗisun waje ya nuna masa hanya ba.

Da farko an ɗauka murɗawar hasken ce ke yin aikin. Bayanin da ya fito daga baya ya fi haka ban mamaki, kuma ya koma kan jan igiyar nan. Awon da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa idan walƙiyar ta sauka, baƙin ƙarfe ne ke fara sakin igiya, cikin kusan femtosakan 300, yayin da gadoliniyam ke ɗaukar kusan ninki biyar na wannan lokaci. A tsakanin, gadoliniyam na miƙa wa abokinsa wani ɓangare na juyinsa, sai baƙin ƙarfen ya farfaɗo yana fuskantar inda gadoliniyam ke fuskanta. Na ɗan lokaci abokan jayayyar biyu suna gefe guda. Da abubuwa suka lafa, ƙa'idar kishiyanci ta dawo, sai gadoliniyam ne ya koma ɗaya gefen. An yi musayar wuri. A 2012 masana daga Jami'ar York ta Ingila tare da na Nijmegen suka nuna cewa zafi kaɗai ya isa, in dai ya zo da sauri. Walƙiya ɗaya ta mayar da 0 zuwa 1, ta biyu ta dawo da shi.

Faifan ajiya na kwamfuta na ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa kafin ya rubuta ɗigo guda. Juyin da haske ke yi ya fi wannan sauri nesa ba kusa ba, kuma makamashin da ɗigo ke sha kaɗan ne idan aka ƙanƙanta shi. Batun ba na wasa ba ne: Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin ajiyar bayanai sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na lantarkin duniya a 2024, kuma buƙatar na hauhawa.

Sai dai shekara kusan 20 bayan gwajin Nijmegen, babu wata ma'adana a kasuwa da ke aiki da wannan hanya, kuma dalilan ba ƙanana ba ne. Lezar da ke ba da irin wannan walƙiya na cin babban tebur a ɗakin bincike. Haske ba ya matsuwa cikin sauƙi zuwa ɗigo mai girman nanomita goma. Shafen gadoliniyam ba ya riƙe ƙananan ɗigogi da kyau, ga kuma tsatsa. Wani awo da aka yi a 2013 da lezar eksire ta cibiyar SLAC a Kalifoniya ya kuma nuna cewa miyar ba ta gauraya sosai ba: akwai wuraren da gadoliniyam ya fi yawa da wuraren da baƙin ƙarfe ya fi yawa, masu girman kusan nanomita goma. Wato daidai girman ɗigon da ake son rubutawa. Santsin da ya wadatar a zamanin MiniDisc ya zama gargada a wannan ma'auni.

Wasu ɓangarorin gadon dai sun riga sun shiga kasuwa. Manyan faifan ajiya masu terabait 30 da kamfanin Seagate ya sanar a farkon 2024 na dumama ɗigo da leza kafin rubutu, dabarar MiniDisc ke nan, kodayake shafensu na baƙin ƙarfe da filatinam ne mai tsari. Allurar karatu ta faifan kwamfuta da sabuwar ma'adanar maganaɗisu da ake kira MRAM kuwa sun dogara ne da shafen kobalt da baƙin ƙarfe da boron. Ana fesa shi marar tsari, don ya zama shimfiɗa mai laushi da wani siririn bango na magneziyam da iskar oksijin zai zauna a kai yadda ya dace, sannan a gasa shi ya kwaikwayi tsarin bangon. Injiniyoyin kamfanin Anelva na Japan da na cibiyar AIST ne suka nuna ingancin haɗin a 2005.

Ma'adinan da ake rikici a kansu

Tarbiyam ya samo sunansa daga Ytterby, wani ƙauye kusa da Stockholm a Suwidin, kuma Carl Gustaf Mosander ne ya gano shi a 1843. Shi da gadoliniyam na cikin rukunin ma'adinai 17 da ake kira masu wuyar samu, duk da cewa wahalar ta fi yawa wajen raba su da juna, domin halayensu sun yi kama ƙwarai. China ce ke tace kusan kashi 90 cikin 100 na abin da duniya ke amfani da shi. A watan Afrilun 2025, a tsakiyar takaddamar haraji da Amurka, Beijing ta sanya sharaɗin neman lasisi kafin fitar da bakwai daga cikinsu, har da tarbiyam da gadoliniyam.

Shafe mai kaurin nanomita 20 ba ya cin ma'adini mai yawa, masu ƙera motocin lantarki da injinan iska ne suka fi jin matsin. Duk da haka, wani reshe na binciken ya karkata ga neman shafen da zai juya da haske ba tare da waɗannan ma'adinai ba. A 2014 tawagogin Stéphane Mangin na Nancy a Faransa da Eric Fullerton na San Diego a Amurka sun nuna hakan a kan shafen kobalt da filatinam, sai dai a can ana buƙatar walƙiya da yawa a jere maimakon guda.

Najeriya na da ɗan hannu a wannan ciniki ta ƙarshen da ba shi da riba. Yashin monazait, wanda ke ɗauke da wasu daga cikin ma'adinan, na cikin tarkacen da haƙar kuza ta bari a tsaunukan Jos. Akasarin abin da ke cikinsa irin su siriyam da lantanam da niyodimiyam ne, gadoliniyam da tarbiyam kaɗan ne, kuma yana haɗe da toriyam mai fitar da tururin nukiliya, wanda ke da haɗari ga masu wanke yashin da hannu. Ɗanye ake sayar da shi, a tace shi a ƙasashen waje.